Me ya sa ƙasa ta zaftare a inda taswirata ta nuna babu haɗari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai neman digiri na biyu a fannin injiniyancin ƙasa. Na ɗebo samfurin ƙasa guda 12 daga wani yanki mai tuddai da ya kai murabba'in kilomita 20, na gwada su a ɗakin gwaje-gwaje, na ɗauki matsakaicin sakamakon na zuba wa manhaja, ta fitar mini da taswirar wuraren da ƙasa za ta iya zaftarewa. Da aka yi ruwa mai ƙarfi sai wasu wuraren da na shafa wa kore, alamar babu haɗari, suka zube, mafi yawan inda na shafa wa ja, alamar haɗari, kuwa ko gezau. Manhajar ce ba ta da kyau, ko samfur zan ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗalibi. Na ji daɗin wannan tambaya, musamman da yake ka koma wurin bayan ruwan ka duba da idonka. Da yawa suna buga taswira su miƙa, ba su sake waiwayar tudun ba.

Manhajar ba ta yi maka ƙarya ba, abin da ka zuba mata shi ta mayar maka. Ka gaya mata cewa ƙasar murabba'in kilomita 20 iri ɗaya ce, ƙarfinta ɗaya, zurfinta ɗaya, shan ruwanta ɗaya, ita kuma ta gaskata ka. To amma tudu bai san matsakaici ba. Igiya idan za ta tsinke, inda ta fi siranta take nema, ko da sauran jikinta ya kai kaurin damtse. Haka gangare yake: yana zubewa a inda abubuwa uku ko huɗu marasa kyau suka haɗu a wuri ɗaya, kuma wurin ya yi faɗin da zai iya ɓallewa daga maƙwabtansa. Ƙarin samfur zai taimaka, amma idan irin gwajin da ka yi za ka maimaita sau hamsin, kuɗinka zai tafi, taswirar ba za ta gyaru sosai ba.

Irin zaftarewar da muke magana a kai ita ce mara zurfi: ƙasa mai kaurin rabin mita zuwa mita biyu ko uku ta sulluɓe a kan dutsen da ke ƙarƙashinta, ko a kan wani sashe mai tauri, galibi a tsakiyar ruwan sama mai ƙarfi ko jim kaɗan bayansa. Tabon da take bari ƙarami ne, sau da yawa faɗinsa bai wuce mita goma zuwa ashirin ba. Haɗarinta yana cikin yawanta da saurinta, da yadda take narkewa ta zama kwararar laka da duwatsu idan ta faɗa cikin kwari. Guguwar Mariya ta watan Satumba 2017 ta bar tabo sama da 70,000 a tsibirin Fuwato Riko kaɗai. A Janairu 2011, a yankin tsaunukan jihar Riyo di Janero ta Brazil, mutane sama da 900 suka rasu cikin kwana kaɗan. Ka riƙe ƙanƙantar tabon nan a ranka, domin duk bayanin da zai biyo baya a kanta ya dogara.

Kusan duk manhajojin da ake amfani da su, SHALSTAB da ya samo asali daga aikin Montgomery da Dietrich na 1994, da SINMAP na 1998, da TRIGRS na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, lissafi ɗaya ne a cikinsu. Ana kwatanta ƙarfin da ke riƙe ƙasa da ƙarfin da ke janta zuwa ƙasa. Mai ja shi ne nauyin ƙasar da tsananin gangarar. Masu riƙewa su ne danƙon ƙasa, da saiwoyin itatuwa, da gogayyar ƙwayoyin ƙasa da junansu. Ruwa kuma idan ya cika ƙofofin ƙasa yakan ɗauke wani ɓangare na nauyin da ke danne ƙwayoyin, gogayya ta ragu. Wannan shi ne abin da Karl Terzaghi ya fayyace tun shekarun 1920. A raba mai riƙewa da mai ja, abin da ya fito shi ne lambar aminci. Sama da 1 gangare na tsaye, ƙasa da 1 ya tafi.

Bari mu sa lambobi, don ka ga yadda zaren yake da siriri. Ɗauki gangare mai digiri 35, ƙasa mai zurfin mita ɗaya da rabi, kusurwar gogayya, wato ma'aunin gogayyar ƙwayoyin ƙasa, digiri 33, danƙo da saiwa a haɗe kilofaskal 5 (kilofaskal ma'aunin matsi ne), nauyin ƙasa kiloniyutan 19 a kowace mita kubik. Idan babu ruwa kwance a ciki, lambar aminci 1.30 ce. Idan ruwa ya tashi zuwa rabin zurfin, ta sauko 1.06. Idan ya cika har sama, 0.82. Yanzu ka bar ruwan a rabi, ka taɓa abu ɗaya kawai. Danƙo ya sauko daga 5 zuwa 3: 0.91, ta zube. Ya hau zuwa 8: 1.29, lafiya lau. Ka mayar da danƙon 5, ka canja gangarar: a digiri 32 za ka sami 1.16, a digiri 38 kuwa 0.98. Sai na ƙarshe, wanda ya fi ba ɗalibai mamaki. Ƙasa mai zurfin santimita 80, ko da ruwa ya cika ta maƙil, lambarta 1.15 ce, tana nan daram, alhali mai zurfin mita ɗaya da rabi a yanayi guda ta riga ta faɗo da 0.82. Bambancin kilofaskal 2, da digiri 3, da santimita 70, duk za ka same su tsakanin inda kake tsaye da taku talatin a gabanka.

Abin takaicin shi ne, abin da ka kashe wa kuɗi a ɗakin gwaji shi ne wanda ya fi kowanne zama wuri ɗaya. Kusurwar gogayya, a cikin ƙasa iri guda, yawanci sauyinta bai wuce kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na matsakaicinta ba. Samfur goma sha biyu sun ishe ka ka san ta daidai gwargwado, matuƙar dutsen da ya haifi ƙasar iri ɗaya ne a duk yankin. Danƙo ya fi ta rawa nesa ba kusa ba, kuma wani ɓangare na abin da ake kira danƙo a fili aro ne: tsotson da ruwa ke yi tsakanin ƙwayoyi lokacin da ƙasa ke da danshi amma ba ta jiƙe sharkaf ba. Shi ne ke sa yashi mai ɗan laima ya tsaya a dunƙule, ya wargaje idan ya bushe ko ya cika da ruwa. Wannan aron ruwan sama ke karɓewa, kuma ba a lokaci ɗaya yake karɓewa a ko'ina ba.

Saiwoyi kuwa sam ba sa shiga ƙaramin akwatin gwajinka. Schmidt da abokan aikinsa sun auna ƙarfin saiwa a tabon zaftarewa a tsaunukan gaɓar tekun Oregon ta Amurka, suka buga a 2001. A dajin da ba a taɓa ba sun sami kimanin kilofaskal 25 zuwa 94, a dajin da ake noma don katako kimanin 7 zuwa 23, a inda aka share itatuwa gaba ɗaya kuma bai wuce 10 ba. Kwatanta wannan da kilofaskal 2 da muka ga ya isa ya kifar da gangare. Ko a cikin daji ɗaya ma, ƙarfin yana taruwa kusa da gindin itace, ya yi rauni a tsakanin itatuwa. Bayan sare daji, saiwoyi ba sa mutuwa nan take; suna ruɓewa sannu a hankali, sababbi kuma ba su kama ba, shi ya sa zaftarewa ke yawaita 'yan shekaru bayan saran, kusan daga shekara ta uku zuwa ta goma sha biyar. A Satumba 2013, ruwan da aka yi a tsaunukan Kolorado ta Amurka ya haifar da kwararar laka sama da 1,100, kuma mafi yawansu sun taso daga gangaren da ke fuskantar kudu, inda rana ta fi bugawa, itatuwa suka fi ƙaranci. Ruwa ɗaya, tsauni ɗaya, fuska biyu, sakamako biyu.

Saurin ratsawar ruwa cikin ƙasa shi ne sarkin rashin tabbas. Wannan ba a maganar kashi cikin ɗari, ana maganar ninki goma ne, ninki ɗari. Tun 1973 Nielsen da Biggar da Erh suka auna shi a wata gona mai hekta 150 a Kalifoniya, suka tarar mafi yawan wuraren suna da ƙananan lambobi, 'yan tsiraru kuma suna da manya ƙwarai, waɗanda ke jan matsakaici sama. Wannan a gona ke nan, shimfiɗaɗɗiya. A jikin tudu ka ƙara ramukan ƙananan dabbobi da na tsutsotsi, da hanyoyin da ruɓaɓɓun saiwoyi suka bari, da tsagogin da rani ya buɗe. Ruwa na bin waɗannan kamar bututu. Idan bututun a buɗe yake, yana kwashe ruwa ya ceci gangare. Idan ya toshe a tsakiya, matsin ruwa ya taru a wurin ya ɗaga ƙasar.

A nan nake so ka tsaya ka yi tunani a kan wani gwaji da nake ganin ya kamata duk mai wannan sana'a ya san shi. Kusa da Kus Be a jihar Oregon, masu bincike sun zaɓi wani ɗan kwarmi a jikin tudu, faɗinsa bai kai murabba'in mita dubu ɗaya ba, gangararsa ta haura digiri 40. Suka cika shi da bututan auna matsin ruwa sama da ɗari, suka kafa na'urorin yayyafi suna yi masa ruwan sama na gwaji a farkon shekarun 1990. A Nuwamba 1996 ruwa na gaske ya sauka, kwarmin ya zaftare, ya tafi da na'urorin, amma bayan sun rubuta abin da ya faru. Abin da aka koya ya girgiza tunanin da aka saba da shi. An ɗauka ruwa na ratsa ƙasa ya kwanta a kan dutse ya gangara. Ashe mai yawa daga cikinsa yana nutsewa cikin tsagogin dutsen ƙarƙashi, ya bi ta can, ya sake ɓullowa cikin ƙasar a wasu 'yan wurare, kuma a waɗannan wuraren ne matsin ruwa ya fi tsanani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ka duba fa: fili ƙasa da murabba'in mita dubu, na'ura sama da ɗari, amma abin da ya yanke hukunci yana ɓoye a cikin dutse. Kai kuma kana da murabba'in mita miliyan 20 da samfur 12. Ban faɗi haka don in karya maka gwiwa ba, na faɗa ne don ka san wane alkawari taswirarka za ta iya ɗauka.

To ina mafita? Ta fara daga raba wannan bambanci gida biyu, domin ba duka ne na kan-mai-uwa-da-wabi ba.

Gida na farko shi ne bambancin da ke da dalili a siffar tudun, wanda ido ke iya karantawa. Jikin tudu ba shimfiɗaɗɗen allo ba ne. Akwai doro, inda ƙasa ta kumbura waje, akwai kwarmi, inda ta lotsa ciki. A kan doro ƙasa na rarrafowa gefe da gefe ta bar wurin da 'yar siririyar shimfiɗa, ruwa ma ya watse. A kwarmi duka biyun ke taruwa: ƙasa na sauka a ciki shekara da shekaru har ta yi kauri, ruwan da ya sauka a faɗin tudun kuma ya tattaru a nan, domin inda baki ya karkata nan yawu kan zuba. Zurfi da ruwa, abubuwa biyun da lissafinmu na sama ya nuna sun fi illa, ga su a gado ɗaya. Shi ya sa tun aikin Dietrich da Dunne na 1978 ake kallon waɗannan kwarmin a matsayin mahaifar zaftarewa. Heimsath da abokansa kuma sun nuna a 1997 cewa dutse ya fi saurin rikiɗa ya zama ƙasa idan abin da ke rufe shi siriri ne, saurin yana raguwa yayin da ƙasar ke kauri. Ma'anar wannan a aikace ita ce zurfin ƙasa ba sai an yi masa lamba ɗaya ba. Ana iya kintata shi daga lanƙwasar tudu da tsananin gangara da matsayin wuri tsakanin ƙololuwa da gindi, sannan a daidaita kintacen da awon fili. Awon kuma mai araha ne: sandar rodi da guduma, ko abin haƙa na hannu, mutum biyu za su auna wurare da dama a yini guda. A ganina, awon zurfi 200 ya fi maka amfani a kan ƙarin gwajin gogayya 20.

Gida na biyu shi ne abin da ya rage bayan ka cire duk wanda siffar tudu ta bayyana. Wannan saura ba za ka taɓa sanin darajarsa a kowane taku ba, amma za ka iya sanin halinsa. Halin nan abu biyu ne: girman sauyin, da kuma tazarar kamanni, wato nisan da za ka yi daga wani wuri kafin ƙasar ta daina kama da ta inda ka baro. Erik Vanmarcke ne ya kawo wannan tunani cikin injiniyancin ƙasa a 1977, tushensa kuma yana haɗe da aikin Danie Krige a ma'adinan zinariya na Afirka ta Kudu a farkon shekarun 1950, wanda Georges Matheron ya gina masa ka'ida daga baya. Abin da aka tattara daga gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa a tsaye, daga sama zuwa ƙasa, kamannin na gushewa cikin 'yan mitoci ko ƙasa da haka, a kwance kuwa yakan kai gomman mitoci, saboda ƙasa shimfiɗa-shimfiɗa take kwanciya.

Me ya sa tazarar ta dame mu? Koma ga girman tabon. Idan raunin ƙasa ɗigo-ɗigo ne, faɗin tafin hannu a nan, faɗin tafin hannu a can, masu ƙarfin da ke kewaye za su ɗauke nauyinsu, kuma a nan matsakaici ya yi aiki. Idan tazarar ta fi tudun kansa girma, duk gangaren ko dai mai ƙarfi ne ko mai rauni, samfur kaɗan za su gaya maka wanne ne. Musiba tana tsakiya, lokacin da faɗin wurin rauni ya yi daidai da faɗin abin da zai iya zamewa, mita goma, ashirin, talatin. A nan wurin raunin ya isa ya ɓalle shi kaɗai, kuma ya yi ƙanƙantar da samfurinka, da ke nesa da juna da fiye da kilomita, ba za su taɓa cin karo da shi ba. Wannan kuwa shi ne ainihin yanayin da aka fi samu a tuddai. Yawancin koren da ya zube maka, ina kyautata zaton nan ne asalinsa.

Akwai kuma bambancin tsaye, wanda aka fi mantawa da shi. Manhajoji da yawa suna ɗauka cewa ƙasa za ta yanke ne a inda ta haɗu da dutse. Griffiths da Huang da Fenton sun nuna a 2011 cewa idan ƙarfin ƙasa na sauyawa da zurfi, yankewar na neman shimfiɗar da ta fi rauni duk inda take, kuma wanda ya yi lissafi da matsakaicin ƙarfi zai raina haɗarin. Shimfiɗa mai kaurin yatsu biyu ta isa. A Sarno da ƙauyukan da ke kewaye da ita a kudancin Italiya, a ranakun 5 da 6 ga Mayu 1998, kimanin mutane 160 suka rasu. Ƙasar da ta zubo toka ce da tsakuwar aman wutar dutsen Besubiyas, da ta kwanta hawa-hawa a kan dutsen farar ƙasa: wani hawa mai laushi mai riƙe ruwa, wani mai manyan ƙwayoyi da ruwa ke gudu a ciki. Kuma da yawa daga wuraren da zaftarewar ta fara suna bakin hanyoyin da aka yanka a jikin tsaunin ne, ko bakin gaɓar dutse, inda shimfiɗun suka katse. Wanda ya ɗebo buhun ƙasa ya gauraya ya gwada, ya shafe duk wannan labari da hannunsa.

Gangarar ma, da kake ganin ita ce ka fi sani, ka bincika daga ina ka samo ta. Idan bayanan tsayin ƙasa na SRTM ne, waɗanda aka ɗauka da radar daga sararin samaniya a shekarar 2000, kowane gida, wato ɗan murabba'in da aka rarraba taswirar da shi, ya kai kimanin mita 30 a kowane gefe. Tabo mai faɗin mita 12 ya ɓace a cikin gida ɗaya, kwarmi da doron da ke gefensa sun zama abu guda, gangara mai digiri 38 ta koma 30 da 'yan kai. Ga shi kuma a daji mai duhu radar ɗin saman itatuwa ya fi gani. Awon LiDAR, mai harba hasken leza daga jirgi yana ratsa tsakanin ganye, yana ba da gida mai mita ɗaya, kuma ya canja wannan fanni ƙwarai. Sai dai kada ka ɗauka ƙanƙanta kullum ita ce nasara. A mita ɗaya kowane dutse da kowane kututture zai fito a matsayin gangara mai haɗari, alhali ƙasa ba ta zamewa mita ɗaya-ɗaya. Gida mai mita 3 zuwa 10, wanda aka samo daga awo mai kyau, shi ya fi dacewa da girman abin da ake nema.

Ruwan saman kansa ba ya sauka daidai. A Hiroshima ta Japan, daren 20 ga Agusta 2014, sama da milimita 200 suka zuba cikin awa uku a kan wani siririn yanki, mutane sama da 70 suka rasu, unguwannin da ba su da nisa kuwa ba su ga kwatankwacinsa ba. Idan ma'aunin ruwa ɗaya ka dogara da shi, ka sa wannan cikin lissafin kuskurenka.

Saura jan da bai zube ba. Wannan bai kamata ya dame ka kamar koren ba, kuma kusan kowa yana samunsa. Lissafin da manhajar ke yi yana ɗaukar kowane gida kamar ba shi da maƙwabta, alhali ƙasar da za ta zame sai ta yage daga gefunanta biyu, ta tsinke saiwoyin da ke sama, ta ture wadda ke gabanta. Milledge da abokansa sun nuna cewa watsi da saman da gindin ba ya zama daidai sai tsawon zaftarewar ya ninka zurfinta kusan sau 25, kuma ƙananan tabo da yawa ba su kai haka ba. Gida ɗaya ja a tsakiyar kore, to, sau da yawa ba inda za shi. Sannan akwai tarihi: kwarmin da ya zube shekara hamsin da suka wuce ya riga ya amayar da ƙasarsa, kuma kafin ya sake cika sai ɗaruruwa ko dubban shekaru. Siffarsa a taswira ja ce, amma babu abin da zai zubo. Na uku, ruwa ɗaya ba ya gwada dukkan tudu. Jan da ya tsaya bana yana iya zama gaskiya da ba ta riga ta faru ba, don haka kada ka yi gaggawar mayar da shi kore, musamman idan akwai gidaje a ƙarƙashinsa.

Da ni ne a matsayinka, zan daina ba manhajar lamba ɗaya. Zan raba yankin bisa irin dutse da irin tsirrai, in ba kowane sashe nasa kewayon lambobi. Zan gina taswirar zurfi daga siffar tudu da awon rodi. Wajen ɗibar samfur zan bar jeri mai tazara ɗaya, in yi gungu-gungu: wasu a tazarar mita 2, wasu 10, wasu 50, domin ta haka ne kawai tazarar kamanni ke bayyana. Sannan in gudanar da lissafin sau dubbai ta hanyar Monte Karlo, kowane zagaye da nasa zaɓin lambobi, in ƙirga sau nawa kowane wuri ya faɗi. Abin da zai fito taswirar yiwuwa ce: nan kashi 5 cikin ɗari, can kashi 60. Hattara ɗaya a nan, don na sha ganin ana yin wannan kuskure. Idan ka bar kowane gida ya zaɓi lambarsa ba ruwansa da na kusa da shi, ka koma yanayin ɗigo-ɗigo, ka share faffaɗan wuraren rauni waɗanda su ne masu zubewa. Dole zaɓin ya mutunta tazarar kamanni. Haka kuma ka kula da abubuwan da ke tafiya tare, kamar zurfi da taruwar ruwa a kwarmi, kada ka zaɓe su kamar ba su san juna ba.

Wajen auna ingancin taswirar, ka yi amfani da inda zaftarewa ta fara kawai, ban da hanyar da lakar ta bi, kuma ka ware wasu tabon da ba ka yi amfani da su wajen daidaita lissafi ba. Ka faɗi lambobi biyu tare: kashi nawa na tabon suka faɗa cikin ja, da kashi nawa na yankin ka shafa wa ja. Wanda ya shafa wa tudu duka ja ya kama kowace zaftarewa, amma bai taimaki mai neman inda zai gina makaranta ba.

Kafin duk wannan, akwai aikin da ba ya jira. Tabon da suka buɗe a cikin korenka su ne samfur mafi daraja da za ka samu, domin tudun ne da kansa ya haƙa maka su daidai inda ya fi rauni. Je ka same su kafin ciyawa ta rufe su, amma bayan ruwa ya ɗauke ƙasar ta tsane, kuma kada ka tsaya a ƙarƙashin gaɓar da ta tsage, kada ka tafi kai kaɗai. A kowanne ka auna zurfin gaɓar sama da ta gefe, ka ɗora ma'aunin gangara a kan shimfiɗar da ta zame ka kwatanta da abin da taswira ta ce, ka duba ko yankewar a kan dutse take ko a tsakiyar ƙasa. Ka ƙirga saiwoyin da suka tsinke, ka lura ko rayayyu ne ko ruɓaɓɓu. Ka nemi ramuka a jikin gaɓar, da tsagar dutsen da ruwa ke tsattsafowa daga ciki, ka hau sama ka ga ko akwai hanya ko magudanar da ke juye ruwa a kan wurin. Sannan ka matsa mita ashirin gefe, inda ƙasa ta tsaya, ka maimaita awon gaba ɗaya. Idan ka kawo mini waɗannan lambobi biyu-biyu na tabo goma, sai mu zauna mu ga wanne daga cikin abubuwan nan ne ya fi yi maka ɓarna a yankinka.